Kwanon Furar da Na Dama a Asibitin Sojoji

Tun ranar da takarda ta zo cewa za a yi wa maigidana aiki a ƙafa, ba wuƙar ce ta tsaya mini a rai ba, barcin ne. Na ji an ce akwai allurar da ake yi wa mutum ya tafi kamar ya mutu, a yanka shi bai sani ba, a ɗinke, sannan a tashe shi. To idan an zo tashin ya ƙi fa? Wata maƙwabciyarmu kuma ta ƙara mini da cewa a manyan asibitoci yara masu koyon aiki ake sakar wa talaka, manyan likitocin suna ofis suna shan shayi. Da waɗannan biyun na kwana na tashi wata guda cur, ina ba Ummi nono ina tunanin yadda zan yi da yara biyu idan na dawo ni kaɗai.

Yau kwananmu tara da dawowa. Duk wadda ta shigo yi mana sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "Falmata, ba mu labari." Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kullum akwai wurin da nake tsallakewa, don ba maganar tsakar gida ba ce. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, ku 'yan ajinmu na Islamiyya ku karanta ku miƙa wa juna. A aji huɗu karatuna ya tsaya, inda na yi kuskure ku gyara a zuci.

Ga wadda ba ta sani ba, maigidan nawa tsohon soja ne, a kofur ya bari, shi ya sa kowa Kofur yake ce masa har ni. A bakin aiki motarsu ta taka abin fashewa, ƙafar hagu ta karye wuri biyu, aka sa masa ƙarfe a ciki aka sallame shi. Da farko lafiya lau, har noma yana taɓawa. Bara sai wurin ya fara tsatsar ruwa, daga baya mugunya. A Kazaure aka ɗauki hoto aka ce sai an cire ƙarfen, kuma can Kaduna, asibitin sojoji, inda fayil ɗinsa yake. Likitan ya ce idan aka daɗe ciwon zai ci ƙashi, ƙafar ce za ta tafi.

Ana gobe za mu tashi Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga rugarsu ta wajen Gwiwa. Bayan la'asar ta kira ni ɗaki ta kwance ƙulli. Busasshiyar fura ce, da gorar roba cike da rubutu da ta karɓo wurin malaminsu.

Ta ce, "Ranar da za a taɓa shi, da asuba, ki nemi nono ki dama masa wannan, ki zuba rubutun a ciki, ya sha ya ƙoshi. Mu ko yaro za a yi wa kaciya ba ma kai shi da yunwa. Jini zai zubar, da me zai mayar?"

Na ce, "To, Inna."

Ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Amana na ba ki, Babarbariya. Kada ki yi mini irin ta danginku." Ta yi dariya, ni ma na yi, don kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Amma hannun bai yi dariya ba, sai da ya bar mini shaida.

Ranar Asabar muka bar Kanya Babba da sassafe. Babban yaron na bar shi wurin mahaifiyata, Ummi tana bayana. Ƙafar Kofur ba ta lanƙwasuwa sosai, saboda haka a tashar Kazaure sai da aka yi rigima kafin a ba shi gidan gaba. Wani ɗan kasuwa ya riga ya ajiye jakarsa a wurin, ya ce shi ma bayansa yana ciwo. Direba ya hango tsohuwar hular soja a saman kayanmu, nan take ya sauke jakar mutumin.

Ya ce, "Oga, shiga. Ara mini hular nan kawai in ɗora a gaban gilashi, ita ma ta sha iska."

Har muka wuce Ɗambatta muka shiga Kano babu shingen da muka daɗe a kai. Direban yana ta yi wa hular godiya kamar mutum.

A Kano muka sauya mota, a nan kuma muka yi asarar farko. Sanduna biyu Kofur yake dogarawa, aka sauke ɗaya aka manta ɗaya a bayan motar Kazaure, kafin mu ankara ta juya. Na zaga tasha da goyo ina tambaya, a ƙarshe wani mai sayar da kayan noma ya zaɓo mana ƙotar fartanya mai tsawo. Haka tsohon soja ya tafi asibitin sojoji, sanda a dama ƙota a hagu.

Hanyar Kaduna ba zan ce muku ga yadda take ba, don rabinta Ummi tana kuka rabinta tana amai. A Kwanar Ɗangora ta wanke wa wani Alhaji babbar riga. Na rasa inda zan sa kaina, shi kuwa ya ce, "Bar ta, Hajiya, amaryata ce, turare ta fesa mini." A Tashar Yari aka tsaya salla, na sayi dafaffen ƙwai da rake. Ƙafar Kofur ta kumbura, bandejin ya jiƙe, na ga matar da ke bayansa tana toshe hanci da mayafi. Shi ma ya gani. Bai ƙara magana ba har Kaduna.

Mu mutanen ƙasar Ɓaɓura mun san iyaka. Na sha bin yayata kasuwa tsallaken Nijar, a canza kuɗi zuwa sefa, jandarma ya leƙo mota ya ce a wuce. Amma ban taɓa ganin iyaka irin ƙofar asibitin nan ba. Aka sauke mu, aka zazzage kayanmu a kan tebur har zanen goyo. Suka riƙe rishona da wuƙar yanka albasa, suka ce sai ranar fita. Wani soja da ba ya jin Hausa ya ɗaga gorar rubutu yana kallon baƙin ruwan, ya buɗe ya shinshina. Na kusa da shi ya ce masa wani abu da Turanci, sannan ya ce mini, "Ɗauki abinki, Madam, kakata ma tana ba ni." Da Kofur ya miƙa katinsa sai suka ƙame suka sara masa. Na ga ya saki ƙotar nan ya miƙe tsaye sosai, ya amsa musu da wata murya da ban san yana da ita ba. Shekara biyar muna tare, ranar na fara ganin sojan.

Shi aka ba shi gado a ɗakin maza masu ciwon ƙashi. Mu masu jinya bayan ɗakin muke kwana, a baranda, kowa da kwalinsa da tabarma. Wadda ta matsa mini wuri wata Bayarabiya ce, Mama Titi, mijinta ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, watansu biyu a nan. Ita ta nuna mini famfon da yake kawo ruwa da asuba, da mai abincin da ba ta cika barkono ba. Wai ba ta cika ba. Teba da miyar agushi na fara ci, hawaye yana zuba, Mama Titi tana dariya tana cewa, "Ci, ci, nono zai zo." Tuwo sai ka fita bakin titi, shi ma na shinkafa ne mai ruwa-ruwa, kana taɓawa yana bin hannu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, matan can a kan gadon miji suke zama, gaban kowa, su ba shi abinci a baki, su kira sunansa gatsal. Ni kuwa sai in ajiye kwano a kan loka, ɗan akwatin gefen gado, in koma gefe in tsuguna. Wata nas har ta ɗauka faɗa muka yi. Sannan ko a gadon ciwo girma yana aiki. Mai babban muƙami shi ke cewa a kunna fanka ko a kashe, ko da shi ne ba ya iya tashi.

Gadon da ke kusa da na Kofur na wani tsoho ne, Saje Modu, Babarbare, ƙugunsa ya karye. Da ya ji sunana sai ya tashi zaune da ƙyar.

Ya ce, "Kai Bafulatani, wa ya ba ka 'yar sarauta? Da shanu nawa ka yaudari iyayenta?"

Kofur ya ce, "Kyauta aka ba ni, Saje, an rasa mai ɗauka."

"To ki riƙe shi da kyau, 'yata, bawa mai ƙafa ɗaya ba ya tsada."

Ranar ce Kofur ya fara dariya tun da muka bar gida.

Ranar Litinin da hantsi likitocin barci suka zo zagaye. Haka ake kiran su a can, don aikinsu daban ne da na masu yanka. Su ne masu kashe jiki, su tsare numfashi da bugun zuciya har a gama, sannan su tashi mutum. A gaba wani dattijo ne mai furfura, ba ya sauri, kowa Kanar yake ce masa. A bayansa matasa biyar da fararen riguna. Na ce a raina ga yaran da aka ba ni labari.

Wadda ta tsaya a kan Kofur mace ce siririya, Likita Rahila, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta ta fi tawa fita. Ta sa ya buɗe baki ya zaro harshe, ta duba haƙora, ta sa ya ɗaga kai ya sunkuyar, ta bi ƙashin bayansa da yatsa tana lalube.

Saje Modu ya ce, "Likita, in ragon layya kike nema wannan bai yi ba, duba wani."

Kanar yana tsaye hannu a baya yana jefa mata tambayoyi da Turanci. Akwai wadda ta kasa amsawa. Bai yi faɗa ba, bai kuma ba ta amsa ba, shiru ya yi yana kallon ta har gumi ya tsatso mata a hanci, sai da ta nemo da kanta. Daga baya nas ta gaya mini ba 'yan makaranta ba ne, likitoci ne da suka gama har suka yi aiki, suka dawo su ƙara shekaru suna koyon wannan fanni shi kaɗai.

Da sauran suka matsa gado na gaba na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, ke za ki yi masa?"

Ta ce, "Ni ce. Oga yana tsaye a bayana, ba ya fita."

"Kin taɓa yi?"

Ta yi murmushin gajiya ta ce, "Maman Ummi, na daina ƙirgawa." Ta ce allura za ta yi masa a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, idonsa biyu. Idan aikin ya ja, sai a sa shi barci gaba ɗaya. Ta ce daga sha biyun dare kada ya ci komai, ba tuwo, ba kunu, ba fura, ba nono. Da bakinta ta ambaci fura, ba zan yi mata ƙarya ba. Kafin in tambayi dalili aka kira ta, ta tafi da sauri.

Ni da na zauna sai na yi wa kaina dalilin. Na ce don kada mutum ya ɓata musu gadon tiyata ne. Abin kunya ne, amma ba abin mutuwa ba. Na auna kunyar nan da amanar Inna, na ga amana ta fi nauyi. Da yamma na fita bakin ƙofa na sayi nono wurin wata Bafulatana.

Talata ana idar da sallar asuba wayar Kofur ta yi ƙara. Inna ce, a wayar wani maƙwabcinsu. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "An ba shi?" Na ja labule na dama furar nan, na zuba rabin rubutun. Na miƙa masa.

Na ce, "An fa ce kada ka sha."

Ya ce, "Na san doka, soja ne ni. Amma Inna ta girmi Kanar." Ya kafa kai sai da ya ga ƙasan kwano. Ta gefen labule na ga idon Saje Modu a buɗe. Ya juya fuskarsa bango.

Wajen bakwai da rabi Likita Rahila ta shigo, idonta jajir, da kayan jiya a jikinta, ashe ba ta je gida ba. Ta auna shi, sannan ta ce, "Kofur, ka ci ko ka sha wani abu tun dare?"

Ya ce, "Babu."

Ta juyo ta ce, "Maman Ummi?"

Wannan shi ne wurin da nake tsallakewa idan ina ba ku labari. Na ce, "Babu."

Na ga idonta ya sauka a kan kwanon da na kife ƙarƙashin loka, da ruwan wanki bai bushe ba. Ta zauna a kan benci ta kama ƙafar Ummi tana wasa da ita, ta yi magana kamar da yarinyar take. Ta ce idan aka sa mutum barcin nan, maƙogwaronsa ma barci yake yi. Abin da ke ciki sai ya taso, babu mai tare shi, ya gangara huhu. Huhu kuma ba ya ɗaukar abinci, ƙonewa yake yi. Ta ce, "Wani ana samun kansa, wani ba a samu. Ba don in kama mai laifi nake tambaya ba."

Na ɗaga kai sai na haɗa ido da Kofur. Kun san kallon da miji yake yi wa mace a gaban baƙi. Mun daɗe muna jiran ranar nan, shi ne na biyu a layi, likitan ƙashi kuma Talata kaɗai yake aiki a nan. Na sunkuyar da kai. Ta jira, ta jira, sannan ta tashi ta fita.

Da masu tura gado suka zo suka ɗauke shi, ina gyara goyo, Saje Modu ya ce a hankali, "'Yata, ni tsoho ne, ban ga komai ba. Amma ke kin gani."

Hanyar ɗakin tiyata doguwa ce, ƙafar gadon ɗaya tana ƙara. Ina bin su a baya ina cewa a raina ai allurar baya ce kawai, ba lalle a kai ga barcin ba. Sai wata zuciyar ta ce, in an kai fa? A bakin ƙofar akwai jan layi a ƙasa, nan 'yan uwa suke tsayawa. Likita Rahila tana tsaye a ciki, ta sa koren kaya da hula. Ban san lokacin da na riƙe ƙarfen gadon ba.

Na ce, "Likita, ya sha fura."

Kofur ya ce, "Falmata." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ita kuwa ko fuska ba ta canza ba. "Yaushe? Kamar yaya yawanta?"

"Bayan sallar asuba. Kwano guda, da nono."

Ta shiga ta fito da Kanar da likitan ƙashi. Suka yi magana a tsakaninsu. Fura da nono sai sun yi awanni kafin su bar ciki, kafin nan lokacin likitan ƙashi ya ƙare, ga mutane a layi tun jiya suna jira da yunwa. Aka ce sai Talata mai zuwa. Kanar ya dubi Kofur ya ce da Hausarsa ta bariki, "Kofur, ka yi ƙarya a gaban ofisa." Ni kai kawai ya gyaɗa mini. Sannan ya juya kan Likita Rahila a gaban sauran matasan, ya yi mata magana da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, tana tsaye kai a sunkuye. Nas ta fassara mini daga baya. Wai ya ce tun da ta ga kwano ta yi zargi, bai kamata gadon ya bar ɗaki ba sai ta gaya masa. A kan ƙaryata aka yi mata faɗa.

Makon nan ban taɓa ganin mako mai tsawonsa ba. Kofur ya daina yi mini magana. Idan na ajiye abinci ba ya taɓawa, sai Mama Titi ta ɗauka ta miƙa masa sannan ya ci. Ranar Alhamis zazzaɓi ya rufe shi, ƙafar ta ƙara wari, aka sa masa ƙarin ruwa da allurai. Duk nas ɗin da ta buɗe bandejin sai in tsare fuskarta da ido, ina neman in gane ko ƙafar ta tafi. Na ce idan aka yanke ta, ni na yanke, da furata da bakina. Ummi kuma sauro ya yi mata kaca-kaca, ga tari. Wanki, layin ruwa, layin magani, in dawo in tsuguna gefen mutumin da ba ya kallo na. Inna ta kira, na ji ya ce mata, "An ɗaga," bai ƙara ba.

Saje Modu ne kaɗai bai fasa ba. Kullum sai ya ce, "Bafulatani da fura, ko a bakin kabari ka nuna masa ludayi sai ya dawo." Kofur ba ya tankawa.

Rana ta huɗu ya ce in kawo masa ruwan alwala. Ina zuba masa ya ce, "Da kin yi shiru da yanzu an gama."

Na ce, "Ko da yanzu ina hanyar gida ni da Ummi."

Amma da na kawo tuwo ya karɓa daga hannuna.

Na nemi Likita Rahila in ba ta haƙuri, na same ta a kan matakala tana cin biskit da ruwan leda, takalminta ɗaya a cire. Ta ce ita ma tana da yaro ɗan shekara biyu, yana wurin mahaifiyarta, sai Lahadi take ganin sa, wata Lahadin ma ba ta samu. Ta ce, "Rabin laifin nawa ne. Na ba ki doka ban ba ki dalili ba." Na gaya mata zancen Inna da sauran rubutun. Na ɗauka dariya za ta yi. Sai ta ce ya sha abinsa ranar Litinin bayan isha'i, wanda ya rage in shafa masa a kai da fuska da safe, kada dai ya taɓa ƙafar ko bayan. Haka muka yi.

Talata ta biyu na tsaya a bakin jan layin nan aka shige da shi. Na zauna a benci, na tashi, na zauna. Na ba Ummi nono har ta ƙi karɓa. An ce mini awa ɗaya da rabi, azahar ta yi ba su fito ba.

Abin da ya faru a ciki Kofur ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce zaunar da shi aka yi, ya rungume filo ya ranƙwafa ya turo baya. Kanar yana tsaye hannu a baya kamar kullum. Likita Rahila ta soka allurar karo na farko ba ta samu wurin ba, Kanar ya ce kalma ɗaya, ta ɗan sauya hannu, sai ya ji ƙafafunsa sun yi ɗumi sun yi nauyi kamar na wani. An sa labule a ƙirjinsa, yana jin ana buga ƙarfe kamar a maƙera, ita tana wajen kansa tana tambayar sa sunayen shanun Inna. Sai wata ƙusa ta ƙi fita, ƙashi ya riƙe ta. Aiki ya ja har ya fara jin abin yana dawowa. Ya ce abin da ya tuna na ƙarshe, ta ɗora masa roba a hanci ta ce, "Kofur, ja numfashi, ina nan."

Da ta fito ta sauke abin rufe bakinta ta ce, "An gama, ya tashi. Sai da muka sa shi barcin gaba ɗaya." Na dai ga kaina zaune a ƙasa, ban san na bar benci ba.

Da aka dawo da shi ɗaki bai san inda yake ba. Ya sara wa Mama Titi, ya ce a kore maraƙi daga gonar gero, sannan ya yi ta yunƙurin amai, ba abin da ya fito sai ɗan ruwa rawaya. Na riƙe masa roba ina kallon ruwan nan, ina tuna kaurin furar da na dama.

Ƙafa tana nan, ba a yanke ba. Amma likitan ƙashi ya ce ciwon ya ci wani wuri, sai da ya kankare, ɗingishi kuma ya zauna ke nan. Na tambaye shi ko makon da aka ƙara ne ya jawo. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Da wannan amsar nake kwana har yanzu.

Mun ƙara kwana goma sha ɗaya kafin sallama. Mun bar Saje Modu a gadonsa yana jiran nasa layin, mijin Mama Titi kuma an cire masa yatsu biyu. Likita Rahila ban same ta ba ranar tafiya, an ce tana ɗakin tiyata tun safe. Na bar mata sauran busasshiyar furar wurin nas, ban sani ba ko ta iya damawa. Dawowa ba abin faɗa, barci na yi tun daga Zariya, sai a Kano Kofur ya tashe ni.

Inna ta zo washegari ta yi kwana biyu. Duk wanda ya shigo sai ta nuna ni ta ce, "Wannan Babarbariyar ta riƙe amana, da asuba ta dama masa, shi ya sa ya tashi." Kofur ya dube ni, na dubi ƙasa.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Duk wadda Allah ya kai ta jinya, idan likitan barci ya ce kada a ci kada a sha, ki tambayi dalili, ki kuma bi. Idan an riga an ci, ki faɗa tun a tambayar farko, ko da mai gadon yana hararar ki. Maganar Inna kuma ku bar mini ita, kada wadda ta kai mata. Ranar Juma'a za ni Gwiwa, da bakina zan gaya mata.